Da Ruwan Ciki Akan Ja na Rijiya: Jawabi Kan Cimar Ma'aikatan Lafiya

Wannan jawabi ya shafi ma'aikatan lafiya ne, watau likitoci, da nas-nas, da ungozomomi, da masu haɗa magunguna, da masu gwajin jini, har da masu sharar ɗakunan majinyata, da masu tura gadajen marasa lafiya, da masu gadin ƙofa. Amma ba su kaɗai ake nufi da shi ba. Babu gidan da ba ya kai nasa asibiti, saboda haka duk abin da ya taɓa lafiyar ma'aikacin asibiti ya taɓa kowane ɗan ƙasa. Maganar kuwa ta abinci ce: me waɗannan bayin Allah suke ci, yaushe suke cinsa, kuma me cin ko rashinsa yake jawo musu, su da waɗanda suke jiyya.

An ɗauki Anguwan Rukuba ta birnin Jos a matsayin misali saboda dalilai biyu. Na farko, unguwa ce ta ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, kuma birnin da take ciki cike yake da asibitoci: ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, ga Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ga Asibitin Jankwano wanda yanzu shi ne na koyarwa na Jami'ar Bingham, ga Asibitin OLA, ban da ƙananan ɗakunan shan magani da ke cikin unguwanni. Na biyu, ƙasar Filato ƙasa ce da Allah ya yi wa baiwar kayan lambu. In aka tarar ma'aikacin lafiya a Jos ba ya cin abin kirki, ba za a ce babu shi a kasuwa ba ne. Tilas a nemi dalilin a wani wuri, kuma dalilin da za a samu shi ne za a tarar a Sakkwato, da Maiduguri, da Ikko, da Fatakwal.

Yadda yini yake tafiya

A yawancin asibitocin ƙasar nan aikin nas-nas kashi uku ne: na safe, da na rana, da na kwana. Na kwana shi ya fi tsawo, don yakan kai awa 10 ko 12. Likitan da ke jiran kira kuwa yakan shiga asibiti yau da safe, ba zai fita ba sai gobe da hantsi ko bayan azahar.

Nas ɗin da ke zaune a Anguwan Rukuba, in aikin safe gare ta, tilas ta tashi tun da asuba. Jos tana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, kuma sanyinta na watan Disamba da Janairu yakan sa mutum shakkar taɓa ruwa. Ta shirya yara, ta fito bakin titi neman mota ko keke. A cikin wannan gaggawa, abin da akan fara sadaukarwa shi ne karin kumallo. Da isarta sai karɓar aiki daga masu kwana, sai zagayen duba majinyata, sai rabon magani, da allura, da wankin gyambo, da rubuce-rubuce. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ko sha biyu yunwa ta taso, hannu ya soma rawa. Sai a aiki yaro bakin ƙofar asibiti ya sayo abin da ya fi kusa: kwalbar lemo, da fanke ko cincin ko biskit ko soyayyen dankali. A tsaye za a ci, cikin minti biyar, wani lokaci ma ba a gama ba an kira ta. In ta koma gida da la'asar, a gajiye kuma da matsananciyar yunwa, sai ta rama bashin yini gaba ɗaya da tulin tuwo ko shinkafa, ta kwanta a kansa.

Mai aikin kwana kuwa abokin hulɗarsa mai shayi ne. Indomi da ƙwai da tsakar dare, biredi, shayi mai madara da sukari cokali huɗu ko biyar, sa'an nan goro ko kofi ko lemon gwangwani mai ƙara kuzari domin korar barci.

Ba jahilci ne ya kawo wannan ba. Matar nan da ta yini a kan lemo da fanke, ita ce takan tsaya gaban masu ciki ranar awo ta koya musu abinci mai ba da ƙarfi, da mai gina jiki, da mai kare jiki daga cuta, kuma ta koyar daidai. Abin da ya ci ƙarfinta shi ne tsarin aiki, da rashin wurin zama a ci, da wata al'ada da ta yi kanta a asibitoci, wadda ake ganin ma'aikacin da ya ce zai je ya ci abinci kamar rago ne ko marar tausayi.

Abin da yunwar ma'aikaci take yi wa majinyaci

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, amma tana cinye kimanin kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki yake samu daga abinci, kuma ba ta da rumbun ajiya na kirki. Aikin asibiti kuwa aikin ƙwaƙwalwa ne. Lissafin yawan maganin da za a ba jariri gwargwadon nauyinsa, da ƙidayar ɗigon ruwan da ake ƙara wa majinyaci, da karanta sunan da ke jikin ledar jini kafin a ɗaura ta, duk abubuwa ne da kuskure kaɗan a cikinsu yake iya zama ajali. Mai jin yunwa hankalinsa a rabe yake, kuma fushinsa a kusa yake. Ba kowace tsawa da majinyaci ya sha a asibiti ce ta fito daga mugun hali ba. Wata daga cikin da bai ga komai ba tun jiya ta fito.

An gwada wannan a Kanada. A wani bincike da aka buga a 2010, an bi waɗansu likitoci na wani babban asibiti a birnin Kalgari, aka auna saurin tunaninsu a ranar da suka yi aiki yadda suka saba, aka sake aunawa a ranar da aka riƙa kai musu abinci da abin sha a kan kari. Ranar da aka ciyar da su sun fi ƙoƙari a gwajin.

Ruwa ma haka. A Ingila an auna likitoci da nas-nas a farkon aiki da ƙarshensa, aka buga sakamakon a 2016: kashi 36 cikin 100 sun shiga aiki da ƙarancin ruwa a jiki, a ƙarshen aiki kuwa sun kai kashi 45. Wannan a ƙasa mai sanyi ke nan, kuma shi ya sa abin ya shafi Jos ƙwarai. A Sakkwato zafi yakan tuna wa mutum ya sha ruwa. A Jos sanyi yakan ɓoye ƙishirwa, alhali iskar hunturu tana busar da jiki. Waɗansu mata ma'aikata kuma da gangan suke ƙin sha, don babu sararin zagayawa, ko kuwa makewayin da ke akwai ba ya shiguwa. Alamar da kowa zai iya dubawa ita ce launin fitsari: in ya yi duhu, jiki yana bin mai shi bashin ruwa.

Abin da take yi wa shi ma'aikacin

Jikin mutum yana da agogo a cikinsa, wanda yake tsara lokacin barci, da na farkawa, da na narka abinci. Masanan Amurka uku da suka gano yadda wannan agogo yake aiki sun sami lambar yabo ta Nobel a 2017. Abin da ya shafi wannan jawabi a ciki shi ne, da dare jiki ba ya sarrafa sukari kamar yadda yake yi da rana. Sinadarin insulin, wanda aikinsa shi ne kwashe sukari daga jini ya shigar da shi tsoka, ƙarfinsa yakan ragu da dare. Saboda haka kwanon shinkafar da aka ci da ƙarfe ɗaya na rana da irinsa da aka ci da ƙarfe ɗaya na dare ba ɗaya suke a jiki ba. Na dare ya fi ɗaga sukarin jini, kuma ya fi daɗewa bai sauka ba. Bugu da ƙari, ƙarancin barci yana ƙara sinadarin da ke tayar da yunwa, ya rage wanda ke sanar da ƙoshi, shi ya sa wanda ya kwana a farke ba abin da ransa yake so sai zaƙi da maiƙo.

Su kansu nas-nas ne suka ba duniya hujja a kan wannan. A 1976 masana na Jami'ar Habad ta Amurka suka fara bin lafiyar nas-nas mata 121,700, suna aika musu da tambayoyi duk bayan shekara biyu, daga baya aka ƙara wani rukuni. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna cewa gwargwadon yawan shekarun da mace ta yi tana aikin kwana na karɓa-karɓa, gwargwadon ƙaruwar haɗarin kamuwarta da ciwon sukari, kuma wani ɓangare na haɗarin ta hanyar ƙiba yake zuwa. A nan gida ma, wani bincike da likitoci suka yi a kan ma'aikatan wani babban asibiti a Jos, aka buga shi a 2016, ya tarar fiye da rabinsu nauyinsu ya wuce ƙima.

Aikin kwana ba abin da za a soke ba ne, domin cuta ba ta san dare ba, haihuwa ma haka. Abin da ke hannun mutum shi ne abin da zai sa a baki a cikin daren.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kada sukarin da babban mutum yake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a yini, watau ƙaramin cokalin shayi 12, in ya tsaya a rabin haka ma ya fi. Kwalbar lemo ɗaya mai rabin lita tana ɗauke da kimanin wannan adadi ita kaɗai. Lemon malti da ake kai wa marasa lafiya da sunan ƙarin jini shi ma sukari ne ya yi masa yawa. Kunun zaƙi da zoɓo na sayarwa ba su tsira ba, sai in mutum ya haɗa abinsa da kansa. Gishiri kuwa, shawarar ita ce ƙasa da giram 5 a yini, watau ƙaramin cokali ɗaya ba tozo, kuma a cikin lissafin har da wanda ke ɓoye. Ɗunƙulen ɗanɗano da ake jefawa a miya kimanin rabinsa gishiri ne. Haka ƙullin da ke cikin ledar indomi, da yajin tsire, da biredi. Gishiri mai yawa yana ɗaga hawan jini, hawan jini kuwa shi ne babban mai kawo shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda.

Akwai wata magana da ta yaɗu har cikin ma'aikata, cewa zama da yunwa shi ke kawo gyambon ciki. Tun 1982 likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano cewa wata ƙwayar cuta ce take haddasa yawancinsa, aka ba su lambar Nobel a 2005. Abu na biyu da ke kawo shi shi ne yawan shan magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin. Yunwa takan tayar da zafin ne kawai. Haɗarin ma'aikacin asibiti a nan shi ne magani yana kusa da hannunsa: baya ya yi ciwo saboda tsayuwa, sai ya ɓalli ƙwaya biyu ya haɗiya a kan cikin da ba komai, gobe ma haka. Wanda ciwon ciki ya dame shi, gwaji ya kamata ya yi a ba shi maganin da zai kashe ƙwayar cutar, ba ya yini yana kurɓar madara ba.

Mata, da masu ƙaramin albashi

Mafi yawan nas-nas da ungozomomi mata ne, kuma suna cikin shekarun haihuwa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, kashi 28 kuma nauyinsu ya wuce ƙima. Abubuwan nan biyu suna iya haɗuwa a jikin mace ɗaya: ga jiki a cike, ga jini babu, domin fanke da lemo suna ƙara kitse amma ba sa ba da sinadarin ƙarfe da jini yake bukata. Ana samun wannan sinadari a hanta, da nama, da kifi, da wake, da ganyaye irin su zogale da alayyafo. Shayi da kofi suna hana jiki tsotsarsa in an sha su tare da abinci, lemon zaƙi da gwaiba da tumatir kuwa suna taimaka masa. Saboda haka mai son shayi ta jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci. Wannan ƙaramin gyara ne wanda ba ya cin ko kwabo.

Ba kuma duk ma'aikatan asibiti ne matsalarsu ta zama yawan zaƙi da maiƙo ba. Mai shara, da mai wanki, da mai gadi, da ɗalibin da aka turo koyon aiki, sau da yawa tasu matsalar ita ce abincin bai isa ba. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya tashi, kuma a tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Wanda albashinsa yake ƙarewa a mota da haya, ba za a yi masa wa'azin nama da madara ba. Amma wake, da gyaɗa, da awara, da daddawa, da busasshen kifi, da ƙwai in an samu, suna gina jiki kamar yadda nama yake yi, kuma kuɗin lemo da biskit na yini ɗaya ya isa sayen abin da ya fi su amfani nesa ba kusa ba.

Abin da ke bakin ƙofa

Filato ita ce ke noma mafi yawan dankalin Turawa na ƙasar nan, musamman a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi. Kabeji, da karas, da latas, da koren wake, da kokwamba, da tumatir, da tattasai, daga kasuwar Farin Gada ake loda su zuwa kudu da arewa. Abin takaici ne a ce motoci suna fita da su zuwa Abuja da Ikko, mai jiyyar manomin da ya noma su kuwa tana yini a kan biskit. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a yini, ban da dankali da doya da rogo, domin su a sahun tuwo suke. Hanyar da ta fi sauƙin tunawa ita ce a raba kwano: rabi ganye da kayan lambu, rubu'i tuwo ko shinkafa ko dankali, rubu'i wake ko kifi ko nama ko ƙwai. A taƙaice, a rage malmala a ƙara miya, miyar kuma ta ganye, ba wadda mai yake iyo a kanta ba.

Mutanen Filato sun riga masana sanin wannan. Gwate, wanda ake yi da acca ko tsakin masara a zuba masa alayyafo da yakuwa da gauta da wake, kusan shi ne kwanon nan da aka bayyana, a tukunya ɗaya. Ba shi da tsada, yana shiga kula, kuma ba ya sa nauyin jiki da barci. Acca tana da wani amfani na musamman: tana ɗauke da waɗansu sinadaran gina jiki waɗanda suka yi ƙaranci a wake, wake kuma yana da wanda hatsi ya rasa, saboda haka haɗa su ya fi cin kowanne shi kaɗai. Sai dai a yi hattara da maganar da ake yaɗawa cewa acca maganin ciwon sukari ce. Hatsi ce kamar sauran hatsi, kuma wanda ya cika kwano da ita sukarinsa zai hau. Dankali kuma dafaffe ya fi soyayye, balle wanda aka soya a man da aka yi kwana da kwanaki ana maimaita shi har ya yi baƙi.

Ga mai aikin kwana, babban abincinsa ya ci shi a gida kafin ya fita, ko a farkon dare. Daga sha biyun dare zuwa asuba ya tsaya a kan abu marar nauyi: gyaɗa cikin tafin hannu, ayaba, dafaffen ƙwai, alale, nono ba sukari, da ruwa a kai a kai. Goro da kofi da shayi suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda rabinsa yana nan a jini bayan kimanin awa 5. Wanda ya sha kofi da ƙarfe biyar na asuba, shi ya hana kansa barcin safe, kuma gobe zai bukaci kofi fiye da na yau. A sha a farkon dare, a dakata in dare ya raba. In an tashi aiki a ɗan sa wani abu a ciki, kamar kunun acca ko koko da ƙosai kaɗan, don kada yunwa ta katse barci. Masu neman barci ta hanyar giya ko burkutu su sani barasa takan kawo barci da wuri amma ta lalata shi, ta kuma ƙara hawan jini da tumbi.

Lokacin azumi, ko na watan Ramalana ko na kwana 40 da Kirista suke yi kafin Ista, ma'aikaci ya fi kowa bukatar tsari. Mai azumin Ramalana kada ya bar sahur, kuma ya sha ruwa sosai tsakanin magariba da asuba. Ya kamata shugabar ɗaki ta tsara aiki yadda abokin aikin da ba ya azumi zai riƙe ɗakin na ɗan lokaci a sha ruwa, shi ma a riƙe masa ranar tasa bukatar.

Inda ake ci

Ɗaukar abinci daga gida shi ne mafita, amma yana da ƙa'ida. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba zafi ba sanyi. Ko dai a zuba shi da zafinsa a kula mai riƙe zafi, ko a sa shi a firiji a ɗumama shi sosai kafin ci. Firijin allurar rigakafi da na ajiyar jini da na samfurin gwaji ba wurin ajiye abinci ba ne, ko da na minti ɗaya. Ba a ci a ɗakin gwaje-gwaje, ba a ci a teburin haɗa allura. A cire safar hannu, a tuɓe farar riga, a wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudu.

Jos ta san abin da ake nufi da rasa ma'aikacin lafiya. A 1969 da 1970 zazzaɓin Lassa, wanda a lokacin duniya ba ta san shi ba, ya kashe ma'aikatan jiyya a asibitocin mishan na birnin, ya kuma kashe Dokta Jeanette Troup a watan Fabrairu na 1970. Su a wajen jiyya da binciken gawa suka ɗauka. Amma asalin cutar daga wani irin ɓera ne, wanda yake zuba fitsari da kashi a kan abinci, kuma har yanzu takan ɓulla da rani. Ragowar biredi a aljihun tebur, da kwanon da aka bari a buɗe a ƙarƙashin gado, gayyata ce ga ɓera zuwa cikin ɗakin majinyata.

Nauyin da ke kan shugabanni da jama'a

Duk abin da aka faɗa a sama ba zai yi amfani ba in ma'aikaci ba shi da minti 20 na kansa da kujerar da zai zauna. Wannan kuwa ba a hannunsa yake ba. Wajibi ne shugabannin asibitoci, na gwamnati da na mishan da na masu zaman kansu, su rubuta lokacin cin abinci a cikin jadawalin aiki kamar yadda ake rubuta lokacin ba da magani, a riƙa fita ɗaya bayan ɗaya. A keɓe ɗaki mai tsabta kusa da ɗakin majinyata, da ruwan sha, da wurin wanke hannu, da makewayi mai aiki. Inda akwai kantin abinci, kada a rufe shi da la'asar alhali kashi ɗaya cikin uku na aikin asibiti da dare ake yinsa. Masu sayar da abinci a bakin ƙofa kuma ba korarsu za a yi ba. Malaman tsabta su duba su, a ƙarfafa musu su kawo gwate da alale da dafaffen ƙwai da 'ya'yan itatuwa, domin ɗan kasuwa abin da ake saye shi yake kawowa. Hatta a tarurrukan ƙara wa juna sani, inda akan yi lacca kan ciwon sukari sa'an nan a raba lemo da fanke, akwai abin gyara.

Gwamnatin Tarayya ta ɗauki waɗansu matakai da suka shafi cimar kowa. Tun 1993 aka wajabta sa sinadarin aidin a gishiri domin yaƙi da maƙoƙo. A 2002 aka wajabta ƙara bitamin A a man girki da fulawa da sukari, ko da yake wannan ba izini ba ne na ƙara shan sukari. Dokar Kuɗi ta 2021 ta sanya harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi na kwalba da gwangwani. A watan Agusta na 2024 kuma aka amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya zuwa ƙasashen waje. Ƙasar da take fama da tafiyar likitocinta da nas-nas ɗinta zuwa Ingila da Amurka da Saudiyya ba ta da halin barin waɗanda suka zauna su faɗi da hawan jini suna da shekara 45. Horar da nas yana cin shekara 3 aƙalla, likita kuwa shekara 6 kafin ya fara neman ƙwarewa.

Jama'a ma suna da nasu rabon. Mai jiyya da ya ga nas ta fita da kularta, an bar wata a madadinta, kada ya ɗauka an yi watsi da nasa ne. Iyali a gida su sani wanda ya dawo daga aikin kwana barcinsa na safe shi ne darensa, kuma miji ko ƙanwa ko 'ya da ta ɗora tukunya ta zuba a kula kafin mai aiki ta fita ta yi wa majinyatan da ba ta sani ba hidima.

Saura magana ɗaya. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa. Akwai ma'aikacin da yake auna hawan jinin mutum 50 a yini, amma ya shekara bai ɗaura abin awon a nasa hannu ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna babban mutum ɗaya cikin uku a duniya yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Ya kamata kowane asibiti ya sa rana, aƙalla sau ɗaya a shekara, da za a auna dukan ma'aikatansa tun daga babban likita har mai gadi: hawan jini, da sukarin jini, da yawan jini, da nauyi. Mace mai tsawon mita 1.6, in ta kai kilo 64 nauyinta ya soma wuce ƙima, in ta kai 77 ta shiga sahun masu ƙiba. Inda babu sikeli, zare ya isa: a auna tsawon mutum da shi, a ninka shi biyu, a zagaya ciki da shi daidai cibiya, in bai haɗu ba, tumbi ya yi yawa. Wanda awon jininsa ya kai 140 bisa 90 a ranaku biyu dabam-dabam, ya buɗe kati kamar kowane majinyaci, ya zauna gaban wani likita, kada ya rubuta wa kansa magani.